Daga Denariyus Zuwa Sule: Hoto a Kan Kuɗin Azurfa da Yadda Ya Iso Ikara da Maƙarfi da Kudan

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna da dattawan Ikara ko Maƙarfi ko Kudan, aka shiga hirar kuɗin da, ba zai rasa jin sunaye irin su anini da ɗari da kwabo da taro da sisi da sule da fataka ba, wani lokaci ma har da liyari. Haka kuma, in an taru wurin ɗaurin aure aka zo batun sadaki, akan ji malamai suna tunatarwa cewa mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne. Amma ba safai akan tsaya a tambayi inda waɗannan sunaye suka samo asali ba, balle a tambayi dalilin da ya sa wasu kuɗin su ke ɗauke da fuskar mutum, wasu rubutu kawai, wasu kuwa ba su da ko ɗaya.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi sawun wani kuɗin azurfa na Rumawa mai suna denariyus, mu duba hotunan ababen bautar da aka riƙa bugawa a kansa, sa'an nan mu ga abin da ya wanzu daga gare shi har ya iso wannan yanki na arewacin ƙasar Zazzau. Abin da mu ke son tabbatarwa shi ne, hoton da ke kan kuɗi amsa ce ta tambaya guda, wato wane ne ya tsaya wa darajar wannan abu da ake ba ni a madadin hatsina? Al'ummomi sun amsa wannan tambaya ta hanyoyi dabam-dabam, kuma manomin wannan yanki ya ga akasarin amsoshin da idonsa.

2.0 Asalin Denariyus

An fara buga denariyus a birnin Rum wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), lokacin da Rumawa ke tsakiyar yaƙi da Hanibal, jarumin birnin Kartaj da ke ƙasar Tunisiya ta yau. Yaƙin ya cinye baitulmali, tsohon tsarin kuɗinsu ya rushe, saboda haka suka fito da sabo. Nauyin denariyus na farko kimanin giram 4.5 ne, kuma kusan azurfa ce tsantsa. Ma'anar sunan ita ce mai ɗauke da goma, domin yana daidai da kuɗin tagulla guda 10, shi ya sa ake buga masa alamar X, wadda ita ce goma a lissafinsu. Wajen shekara ta 141 aka mai da shi daidai da tagulla 16, amma sunan bai sake ba.

A fuska ɗaya ta kuɗin akwai kan wata mace sanye da kwalkwali. Ita ce Roma, wato birnin kansa aka siffanta a matsayin abar bauta. A ɗaya fuskar akwai tagwaye biyu, Kasto da Folakis, a bisa dawakai sun zaburo da masu, waɗanda Rumawa suka yi imani da cewa sun taimake su a wani tsohon yaƙi. Saƙon a fili ya ke ga sojan da aka biya da wannan kuɗi: birni na tsaye, kuma masu taimakonsa na sama ba su yashe shi ba.

Gidan buga kuɗin yana kusa da ɗakin bautar Juno, wadda ake yi wa laƙabi da Moneta. Daga wannan laƙabi ne harsunan Turai da dama, har da Ingilishi da Faransanci, suka samo kalmar da su ke kiran kuɗi da ita. Za mu sake gamuwa da wannan suna a inda ba a zata ba.

3.0 Yadda Ababen Bauta Suka Zama Kirari

Aikin buga kuɗi a Rum yana hannun jami'ai 3 ne, waɗanda akan canja kowace shekara, galibi samari 'ya'yan manyan gidaje masu neman hawa muƙamai. Da farko ba su taɓa zanen ba sai kaɗan, misali a sa Luna, abar bautar wata, ko Biktoriya, abar bautar nasara, ko Jufita a cikin keken doki. Amma daga wajen shekara ta 137 kafin Miladiyya sai kowane jami'i ya shiga zaɓen hoton da zai tuna wa jama'a asalin gidansu. Idan muka kwatanta da abin da muka sani, sai mu ce kuɗin ya zama maroƙi, yana shiga kowace kasuwa yana yi wa gidan ubangidansa kirari.

Yuliyus Kaisar ne ya kai wannan al'ada ƙarshenta. Gidansu na da'awar cewa su jikokin Binus ne, abar bautar ƙauna, saboda haka wajen shekara ta 47 ya buga denariyus mai kan Binus, a bayansa kuma ga kakansu Iniyas yana ɗauke da mahaifinsa. A farkon shekara ta 44 sai aka buga fuskar Kaisar kansa, yana da rai, a gurbin da aka saba ganin abar bauta. Ba a taɓa yi wa wani Barume mai rai haka a birnin ba. A watan Maris na wannan shekara aka kashe shi. Abin mamaki, Burutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe shi da sunan ƙin sarauta, shi ma a shekara ta 42 an buga tasa fuskar, da wuƙaƙe biyu a bayan kuɗin.

Tun daga zamanin Agustus tsarin ya zauna: fuskar sarki a gaba, abar bauta a baya. Agustus ya riƙa rubuta wa kansa laƙabin ɗan wanda aka mayar abin bauta, yana nufin Kaisar. Sarakunan da suka biyo baya suka cika bayan kuɗi da siffofin halaye, kamar zaman lafiya da yalwar abinci da haɗin kai, kowace a siffar mace riƙe da alamarta.

Nahiyarmu ma ta shiga cikin wannan jeri. A zamanin Hadiriyan, wanda ya yi mulki daga 117 zuwa 138 Miladiyya, an buga denariyus mai siffar Afirka, mace a kishingiɗe da fatar kan giwa a kanta, tana riƙe da kunama, ga kwandon hatsi a gabanta, domin arewacin Afirka shi ne rumbun birnin Rum. Haka nan Sabtimiyus Sabirus, haifaffen Libiya wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211, ya buga abar bautar Kartaj a bisa zaki.

4.0 Hoto na Nan, Azurfa na Gudu

A nan ne darasin tattalin arziki ya ke. A zamanin Agustus nauyin denariyus kimanin giram 3.9 ne, kuma soja na karɓar 225 a shekara. A shekara ta 64 Miladiyya sarki Niro ya rage nauyin zuwa kimanin giram 3.4, ya kuma ƙara masa tagulla. Kafin ƙarshen mulkin Sabirus, azurfar da ke ciki ta dawo wajen rabi. A 215 ɗansa Karakalla ya fito da wani kuɗi da ake ɗauka a matsayin denariyus 2, alhali nauyinsa na ɗaya da rabi ne. Zuwa shekarun 260 azurfar wannan sabon kuɗi ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, sai dai a shafe shi da farin ruwa a sama. Duk tsawon wannan lokaci Jufita na nan a kan kuɗin, nasara na nan, yalwa na nan. Jama'a kuwa ba su ruɗu ba, sun riƙa binne tsofaffi masu kyau suna kashe sababbi, farashi ya yi ta hawa, har sarki Diyokletiyan ya kafa dokar ƙayyade farashi a 301, wadda ba ta yi tasiri ba. Denariyus ya ɓace daga kasuwa, ya saura suna na lissafi kawai.

5.0 Hanyar Arewa: Dinari da Dirhami

Sunan bai mutu ba. A gabashin daular akan kira kuɗin zinariya da shi, daga nan Larabawa suka karɓe shi suka ce dinar, kamar yadda suka karɓi dirham daga sunan wani kuɗin Girkawa. An ambaci dinari a Suratu Ali Imrana, an ambaci dirhamomi a Suratu Yusufa. Kuɗin da ke yawo a Makka da Madina a zamanin Manzon Allah (S.A.W.) na Rumawa ne da na Farisa, masu hotunan sarakunansu.

Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ne ya sauya al'amarin. Bayan ya gwada buga kuɗi mai siffar halifa a tsaye da takobi, a shekara ta 77 Hijiriyya, wato 696 zuwa 697, ya fitar da dinari wanda babu hoto ko ɗaya a kansa, sai kalmar shahada da ayoyi da shekarar bugu. A 79 Hijiriyya dirhamin azurfa ya bi sahu. Nauyin dinari ya tsaya a kan kimanin giram 4.25, wato miskali ɗaya, dirhami kuwa kashi 7 cikin 10 na wannan nauyi. Amsar tambayarmu ta sake: rubutu da ma'auni suka maye gurbin fuska.

Wannan tsari ne ya iso ƙasar Hausa ta cikin littattafan fiƙihu. Almajirin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid a zauren malaminsa a Ikara ko Hunƙuyi ya san nisabin zakka dinari 20 ne ko dirhami 200, ya san mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne ko dirhami 3, ko da bai taɓa riƙe ɗaya daga cikinsu ba. Bugu da ƙari, masana harshe sun nuna cewa kalmarmu ta zinariya daga dinar ta fito. Ke nan sunan da Rumawa suka raɗa wa azurfa, a bakinmu ya koma sunan jan ƙarfe mai daraja. Ita kuwa kalmar azurfa daga harshen Buzaye muka aro ta, abin da ke nuna hanyar da ƙarfen ya biyo.

Yana da kyau mu ambaci wani misali na kusa. Al-Bakri, wanda ya yi rubutu a 1068, ya bayyana cewa dinaran Tadmakka, a ƙasar Mali ta yau, zinariya ce tsantsa ba tare da hatimi ba, kuma masu tonon kayan tarihi sun gano tukwanen zuba su a kangon garin a 2005. Ashe tun da daɗewa 'yan kasuwar bakin Sahara sun yarda da nauyi ba tare da neman tambarin kowa ba.

6.0 Wuri, Kuɗin da Ba Shi da Fuska

Garuruwan da mu ke magana a kansu suna kan hanyar da ta haɗa Zariya da Kano, ƙasa ce ta dawa da auduga da rake. A ƙarni na 19 kuɗin wannan yanki wuri ne. Da shi ake biyan kuɗin galma da kuɗin rafi da kuɗin karofi, da shi ake sayen gishiri da goro. Daular Usmaniyya ba ta kafa gidan buga kuɗi ba. Wuri daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya ya ke fitowa, babu sarkin da ya buga shi, babu wanda zai iya rage masa nauyi ko ya yi jabunsa. Darajarsa a ƙidaya ta ke, shi ya sa mu ke da zambar da keso, wato buhun wuri 20,000. A nan ne Juno ta sake ɓullowa: sunan da masanin halittu Linniyus ya ba irin wannan wuri a 1758 shi ne moneta.

Amma rashin fuska bai kare wuri daga faɗuwa ba. Daga tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Turai suka riƙa kwararo wani irin wuri mai arha daga Zanzibar zuwa gaɓar tekun yammacin Afirka, darajarsa ta zube, har ɗaukarsa zuwa nesa ya zama asara. Abin da rage azurfa ya yi wa Rumawa, yawa ya yi wa Hausawa.

7.0 Liyari

Don manyan cinikayya sai aka jingina ga liyari, kuɗin azurfa na ƙasar Ostiriya, wanda fatake suka riƙa shigowa da shi ta Tarabulus da Borno. A gabansa akwai hoton sarauniya Mariya Teresa, a bayansa gaggafa mai kai biyu. Nauyinsa giram 28 ne, azurfarsa kimanin kashi 83 cikin 100. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ba canji, domin masu karɓarsa a Afirka da ƙasashen Larabawa ba su yarda da sabon zane. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tarar a Kano a 1851 ana canja irin wannan kuɗi a kan wuri 2,500.

Liyari ɗa ne ga al'adar Rumawa kai tsaye: fuskar mai mulki ta gefe, rubutun Latin a kewaye, gaggafar daula a baya, har laƙabin sarauniyar ma na ambaton sarautar Rumawa. To, me ya sa malamai da attajiran ƙasar Musulmi suka karɓe shi? A ganinmu, domin hoton ya canja aiki. Bafataken Zazzau ba talakan Mariya Teresa ba ne, ba kuma mubaya'a ya ke mata ba. Hoton a wurinsa shaidar ma'auni ce: in fuskar nan ce, to azurfar nan ce. Kuma ko da kasuwa ta ƙi kuɗin, maƙeran fari na nan, za su narka shi su yi munduwa da zobe da kayan doki. Darajar na cikin ƙarfen, ba ta hannun wata hukuma.

8.0 Hanyar Kudu: Sule da Harafin d

Turawan Ingila sun kafa ikonsu a Zariya a 1902. Ba da jimawa ba suka hana shigo da wuri da liyari, suka matsa a riƙa biyan haraji da kuɗinsu. Jirgin ƙasa ya ratsa wannan yanki ya isa Kano a 1911, ciniki na auduga da gyaɗa ya buɗe, manomi ya sami kansa dole ya noma abin da zai kawo sule, domin da sule ake sallamar dagaci.

Kuɗin azurfar da aka fara shigowa da su na Ingila ne. Fatakar zamanin sarki Edward na VII, wadda aka buga daga 1902 zuwa 1910, tana ɗauke da wata mace a tsaye da kwalkwali da mashi mai baki uku, wato Biritaniya. Wannan siffa Rumawa ne suka fara buga ta a zamanin Hadiriyan, a matsayin lardin da suka mallaka, Ingilawa suka farfaɗo da ita a 1672. Saboda haka 'yar'uwar Roma da Afirka, waɗanda muka ambata a baya, ta zo kasuwannin Nijeriya a kan azurfa bayan kusan shekara 1,800.

Daga 1907 aka fara buga kwabo da anini masu huji, da tauraro mai tsini shida, da sunan sarki da rubutun Larabci, ba tare da fuska ba. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta yammacin Afirka, a 1913 ta fitar da sule da fataka na azurfa masu kan sarki George na V da itacen kwakwar manja. A 1920, da azurfa ta yi tsada, sai aka koma buga su da gaurayen tagulla. Fuskar sarki na nan, azurfa ta tafi, kamar dai yadda aka yi a Rum.

Akwai kuma wata alama da iyayenmu suka rubuta dubban sau. A takardar haraji da littafin ɗan kasuwa, sisi 6d ake rubuta shi, taro 3d. Wannan d ɗin harafin farko ne na denariyus, ya bi ta tsarin kuɗin Faransa na zamanin Sharlaman, inda 240 ke yin fam ɗaya, ya shiga Ingila, ya iso gare mu. Ke nan denariyus ya zo Maƙarfi ta ƙofa biyu, ta arewa a cikin littafin malam, ta kudu a kan rasidin malamin haraji.

9.0 Naira da Tambayar da Ba Ta Ƙare Ba

Babban Bankin Nijeriya ya fara fitar da kuɗinsa a 1959, da auduga a bayan taro, da gyaɗa a bayan fataka. A ranar 1 ga Janairu 1973 aka koma naira da kwabo, harafin d ya faɗi, fuskar sarauniyar Ingila ta ba tambarin ƙasa wuri. A 1977 aka buga hoton Janar Murtala Muhammad a kan naira 20, shi ne ɗan ƙasa na farko da aka yi wa haka. A 2007 aka cire rubutun ajami daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 kuma daga sabuwar naira 100, abin da ya jawo muhawara mai zafi. Wannan muhawara ta nuna cewa mutane har yanzu suna karanta abin da ke kan kuɗi a matsayin bayani na wanda ƙasa ta san da zamansa.

10.0 Kammalawa

Mun ga amsoshi biyar ga tambayar da muka fara da ita. Rumawa sun ce ababen bautarsu ne suka tsaya wa kuɗi, daga baya suka ce sarki. Abdulmalik ya ce rubutu da ma'auni. Kakanninmu masu wuri sun ce ƙidaya. Masu liyari sun ce ƙarfen kansa. Turawan mulki da gwamnatocin da suka gaje su sun ce doka. A kowane hali kuwa, in wanda ya tsaya wa kuɗin ya gaza, talaka ne ke fara ɗanɗanawa, ko sojan Rum ne, ko manomin rake na Kudan da ya ga sule ya ɓace daga kasuwa ya saura a cikin karin magana.

Daga ƙarshe muna da shawara ga mahalarta wannan taro. Liyari da aninai da sulallan azurfa da suka rage a gidajen Ikara da Maƙarfi da Kudan suna cikin adudun tsofaffi ne, kuma duk wanda ya faɗa wutar maƙeri ba ya dawowa. Dattawan da suka ƙirga anini da hannunsu su ma suna ƙarewa. Ya kamata sassan tarihi da na harsunan Nijeriya na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da Gidan Arewa da ke Kaduna, su tura ɗalibai su auna waɗannan kuɗi, su ɗauki hotonsu, su rubuta sunayen da ake kiransu da su da labarin yadda suka shigo kowane gida, tun masu labarin suna raye. Allah Ya sa mu dace.